Latifu Dubu Goma Sha Shida da Ɗari Shida da Arba'in da Ɗaya

Shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da lissafi a wata sakandare a Funtua, kuma duk lambobin da na taɓa rubutawa a allo babu wadda na sani ciki da bai kamar dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in da ɗaya. Ba a makaranta na fara gamuwa da ita ba. A zauren gidanmu na fara jin ta, a ƙauyenmu da ke gaba da Ƙarfi kaɗan, daga bakin mutanen da ba su taɓa riƙe alli ba.

A wajenmu idan abu ya yi tsanani, ciwo ne ko ruwa ya ɗauke da tsakiyar damina, dattawa sukan zauna su ja Ya Latifu. Suna ne daga cikin sunayen Allah. Malaman zaure sun ce idan aka ba kowane harafi na Latifu adadinsa na hisabi aka tara, ɗari da ashirin da tara ake samu. Mai ƙaramar buƙata ya ja wannan adadin ya tashi abinsa. Mai babbar buƙata kuwa sai ya ja ɗari da ashirin da tara har sau ɗari da ashirin da tara, shi ne ya ba da 16,641. Sharaɗinsa biyu ne: a zama ɗaya ake yi, kuma ba a ƙara ɗaya, ba a rage ɗaya. Na san akwai masu cewa abin ba shi da tushe, na kuma sha jin gardamar a ɗakin malamai har shayina ya huce. Su ƙarata can. Ni dai abin da na sani, babana ya yarda da shi, kuma ranar da ya fi buƙatar ƙirgen ya cika, ni ya miƙa wa.

Lambar nan taurin kai gare ta. Ba ta rabuwa biyu, ba ta rabuwa huɗu, haka biyar da shida da bakwai da takwas da goma, duk sai ta bar saura. Lambobi tara ne kacal ke shiga cikinta ba tare da ragowa ba: 1, 3, 9, 43, 129, 387, 1849, 5547, sai ita kanta. Dalili kuwa ɗari da ashirin da tara uku ce sau arba'in da uku, ita kuma arba'in da uku babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Abin haushin, idan ka cire mata ɗaya tak ta koma 16,640, nan take sai ta yi ladabi: biyu, huɗu, biyar, takwas, goma, goma sha uku, goma sha shida, ashirin, kowa ya zo ya samu rabonsa daidai. Ɗayan nan da ke wutsiya shi ke hana ruwa gudu.

Idan aji ya ishe ni da surutu nakan sa su tara ɗaya da uku da biyar da bakwai, a yi ta tsallake ɗaya haka har zuwa ɗari biyu da hamsin da bakwai. Su yi ta gumi rabin awa, rabinsu su ɓace a hanya, sannan in rubuta masu amsar a allo ban duba takarda ba. Ita ce dai. Baba bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Shi a wajensa gona ce mai kunya ɗari da ashirin da tara, kowace kunya da rami ɗari da ashirin da tara, tsawonta daidai da faɗinta. Na taɓa gaya masa cewa mu a makaranta murabba'i muke ce wa irin wannan lamba. Ya ce to madalla, ya ci gaba da wasa fartanyarsa.

Yadda gidanmu ke ƙirga ta kuwa tun zamanin kakanmu ne. Shi ya huda ƙwallayen dabino da basilla, ya zura su a zare, ya yi carbi uku, kowanne ƙwallo ɗari da ashirin da tara. A cikin tsohuwar gafakarsa suke, Baba ya gada. Idan za a yi babban ja sai a ƙirgo ƙwayar masara ɗari da ashirin da tara, a raba wa mutum uku, kowa arba'in da uku. Ka zagaya carbinka sau ɗaya, ka ture ƙwaya ɗaya gefe. Da zarar ƙwayoyi sun ƙare a gaban mutum ukun nan, ƙirge ya cika, babu mai buƙatar sanin sunan lambar ma. Tun ina ƙarami nake ganin abin yana ɗaukar lokaci fiye da kima. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa tsohon ya tsaya a uku ba, sai da na girma na ga cewa ƙwayoyin ba sa rabuwa daidai sai ga mutum uku ko arba'in da uku, kuma zaurenmu ba ya cin arba'in da uku.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro “kai” ne, da na fara koyarwa ya koma ce mani Malam. Rabi girmamawa, rabi tsokana, ya danganta da abin da na yi.

Da kaka ne Inna ta faɗi. Ranar Laraba tana sheƙe masara a tsakar gida, faifan ya suɓuce daga hannunta, ta zauna, ba ta ƙara tashi da kanta ba. Hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kai ta asibiti a Malumfashi, ƙanwata ta zauna jinya. Ni sai ranar Alhamis na iso daga Funtua a kan babur ɗina. Na samu Baba a bakin ɗakin mata yana tsaye, ba ya shiga ba ya tafiya. Shekara hamsin suna tare, ban taɓa jin ya yi mata wata magana mai taushi a gabanmu ba, kuma ranar ma bai yi ba. Likita ya yi mana bayani, Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo ya ce mani gobe Juma'a bayan La'asar za a ja Latifu babba a gida. Magani na likita ne, jinya ta ƙanwata ce. Wannan kaɗai ya rage a hannunsa da zai iya yi mata, kuma na ga haka a fuskarsa.

Ranar Juma'a na ɗauko shi muka koma ƙauye. Ya ce da zarar an gama in mayar da shi asibiti kafin a rufe dubiya da Magariba, yana so ya gaya mata da bakinsa. Ana idar da La'asar mutane suka biyo mu zaure. Baba mutum biyu ya gayyata, liman da wani tsohon maƙwabcinmu da suka saba zama tare, amma Inna mace ce mai kyauta, ba gidan da bai ci daddawarta ba. Kafin a shimfiɗa tabarma ta biyu mun kai mu goma sha huɗu har da ni. A cikinsu akwai Kawu, ƙanen Inna, wanda ya sauke farali a shekarar da ta gabata, kuma tun daga lokacin ba a gama hira da shi bai kai ka Mina ba.

Baba ya fito da gafaka. Ni kuma na duba agogo, na yi lissafin da na saba. Mutum uku, kowa dubu biyar da ɗari biyar da arba'in da bakwai, da bakin tsofaffi masu jan kowane harafi har ƙarshensa: awa biyu ba za ta ishe su ba. Magariba za ta same mu a zaune, ba zuwa asibiti ke nan. Ga kuma mutum goma sha ɗaya da suka bar aikin kakarsu za su zauna suna kallon bakin mutum uku. Raina ya ɗan ɓaci, don ni ba na son ganin aiki yana jan ƙafa alhali ga hannuwa. Na raba lambar goma sha huɗu a kaina, ta bar saura tara, kuma rabon kowa ya fito wani adadi da ba carbin da zai ƙirga shi cikin sauƙi. Sai na bar rabo, na koma ɗari-ɗari.

Na yi masu bayani kamar ina aji. Kowa a nan yana da carbi a aljihu, carbi kuwa ɗari ne. Ɗari sau ɗari da sittin da shida ya ba da dubu goma sha shida da ɗari shida, saura arba'in da ɗaya, wannan ni zan ja da kaina. A zuba ƙwaya ɗari da sittin da shida a ƙoƙo a tsakiya. Kowa ya ɗauki ɗaya, ya zagaya carbinsa sau ɗaya, ya jefa ta a kwano, ya ɗauki wata. Mai sauri ya yi da yawa, mai nawa ya yi kaɗan, ba ruwan lamba da wannan. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Kawu ya ce ai amfanin boko ke nan. Baba yana riƙe da carbin dabinon nan uku a hannu, ya daɗe yana kallon ƙoƙon.

“Malam, zai cika kuwa?”

“Baba, da wannan fa nake cin abinci.”

Ya mayar da su cikin gafaka, ya ɗaure bakinta, ya tura ta bayansa.

Na ƙirga ƙwayoyin sau biyu kafin a fara. Liman ya buɗe, zaure ya ɗauki guna-guni, ba ka jin komai sai shi da ƙarar masara tana faɗawa kwano. Na ja arba'in da ɗaya nawa a gaɓoɓin yatsu, sannan na zauna ina sa ido kada wani ya ɗauki ƙwaya biyu ko wata ta gangara ƙarƙashin tabarma. Cikin rabin awa da 'yan mintoci ƙoƙo ya zama wayam. Na juye kwanon na sake ƙirgawa a gaban kowa, ɗari da sittin da shida cif. Liman ya yi addu'a aka shafa. Wallahi na ji daɗin kaina ranar, ba zan ɓoye ba.

Mun isa asibiti da sauran rana. Wannan karon Baba ya shiga har bakin gado. Ya sunkuya ya ce mata an yi, babba aka yi, kuma ya cika, Malam ne ya ƙirga. Inna ba ta iya magana. Ta ɗaga hannunta na hagu kaɗan daga kan zane ta mayar. Ƙanwata ta juya baya tana share ido, ni kuma na fita waje wai zan duba babur.

Washegari Asabar muka yi Azahar a ɗan masallacin asibitin. Na manta carbina a aljihun rigar jiya, sai na miƙa hannu Kawu ya ba ni nasa, wani kore mai sheƙi kamar kwalba. Ni mutum ne da yatsuna ke ƙirga abu ko ban sa su ba, matakalar bene, buhunan da ke kan mota, komai. Na ja talatin da uku na ci karo da 'yar alama. Talatin da uku, wata alamar. Talatin da uku, sai ga ni a kan carbin. Na sake bi a hankali, ƙwaya-ƙwaya. Ɗari ba ɗaya.

Ba wani sabon ilimi ba ne wannan. Kowa ya san carbin da ake kawowa daga Makka yawanci casa'in da tara ne, an yi shi don tasbihin bayan salla, ni ma na sani. Namu na katako da ake saye a kasuwar ƙauye shi ne ɗari, saboda masu wuridi, kuma da shi na tashi ina gani a hannun kowa, shi ya zauna mani a kai. Dattawan da ke riƙe da na Makka, in suna wuridinsu, wasu kan cike ɗayan da baki. Amma ranar Juma'a ba wanda na ce wa ya ja ɗari. Cewa na yi kowa ya zagaya carbinsa sau ɗaya ya jefa ƙwaya, kuma abin da na ce shi suka yi. Na ƙirga masara sau uku, ban ƙirga carbin mutum ɗaya ba.

Na tambayi Kawu, kamar hira, ko su wa ya ba irin wannan tsaraba. Ai kuwa na taɓo masa inda yake so. Ya ce dozin-dozin ya saye su, ya shiga jero mani suna: liman, maƙwabcinmu, wane da wane, mai shayi, har da wanzami. Ina saurara ina ware waɗanda suka zauna a zaure jiya. Bakwai na samu, har da shi kansa. Na tuna kuwa na ga koren abin nan yana walƙiya a hannuwa da yawa, na kalle shi ban gan shi ba.

Duk zagaye ɗaya da aka yi da irin carbin nan, ɗaya ta faɗi. Zagaye nawa aka yi da su? A nan lissafin ya tsaya mani. Da a tsohon tsari ne, kowa da ƙwayoyinsa a gabansa, da na faɗi adadin kafin Kawu ya rufe baki. Amma ni na zuba su a ƙoƙo ɗaya na ce kowa ya ɗiba, ba wanda ya san ƙwaya nawa ya ɗauka. Idan mutum bakwai ɗin sun yi rabin aikin, tamanin da uku ne suka faɗi. Liman yana da nawa, wanzami kuwa bakinsa kamar injin niƙa. Zai iya zama sittin, zai iya zama ɗari. Ni da nake ba ɗalibi sifili idan ya rubuta mani “kusan” a gaban amsa, ga ni zaune a kan tabarmar masallaci ba ni da komai sai kusan. Kuma ba a cike gurbi washegari, tunda a zama ɗaya ake yi. Gyaran guda ne, a sake daga farko.

Abu ne mai sauƙi. In tashi in gaya wa Baba, mu hau babur, a kira mutum biyu, a kwance gafaka. Kafin Magariba ko bayanta kaɗan an gama. Na tashi da niyyar haka. Na same shi a inuwar bedi a harabar asibitin, an kawo masa fura, yana sha. Tun da na iso ranar Alhamis ban ga ya sa wani abin kirki a bakinsa ba sai lokacin. Na ce bari ya gama. Kafin ya gama Kawu ya zo ya zauna kusa da shi, na ce ba a gaban Kawu ba, don in ya ji, kafin La'asar duk ƙauye ya ji cewa Malam mai lissafi ya kasa ƙirga carbi. Da Kawu ya tashi wasu 'yan dubiya suka zo daga Bakori. Haka ranar ta wuce.

Ranar Lahadi likita ya ce jinin ya sauka, har ta haɗiyi kunu cokali huɗu. Baba ya dube ni ya ce, ka gani ko. Na ce na gani. A raina na ce to tunda sauƙi ya samu, me zai sa in tayar masa da hankali, in ta warke na ba su labari a yi dariya. Na ƙara da cewa ai Allah ba ya buƙatar ƙirgenmu, ya san abin da aka nufa. Wannan gaskiya ce, har gobe na yarda da ita, amma ba ita ta hana ni magana ba. Kunya ce ta hana ni, da girman kai. Da yamma na koma Funtua saboda ana fara jarrabawa ranar Litinin.

Ranar Laraba da hantsi ina tsaye a aji ina tsaron jarrabawa ƙanwata ta kira. Na ba wani malami takardun, na hau babur. An yi jana'iza bayan Azahar.

Ban taɓa zaton lambar ce ta kashe Inna ko ta hana ta warkewa ba. Kwananta ne ya ƙare. Baba ma ya fi ni sanin haka, ba a koya masa tawakkali. Amma a zaman makoki, duk wanda ya zo ya yi gaisuwa ya ce sai haƙuri, Baba yakan amsa masa da magana ɗaya, ba ya canza ko kalma:

“Alhamdu lillahi. Mun yi mata namu, ba mu rage ko ɗaya ba. Ga wanda ya ƙirga nan.”

Sai ya nuna ni da haɓa, mutumin ya juyo ya ce Allah ya yi albarka, Malam, ni kuma in ce amin. Kwana bakwai ina cewa amin. Na lura duk lokacin da ya faɗi maganar kafaɗunsa kan ɗan sauka, ya gyara zama. Da ita yake tsaye. Na yanke a raina cewa shi ke nan, ba zan taɓa faɗa ba, tunda faɗar ba ta da sauran amfani ga kowa.

Shekara uku na riƙe. Ba zan ce abin ya hana ni ci ko barci ba, ƙarya ne. Nakan yi wata guda ban tuna ba. Na ci gaba da ba ɗalibai lambar a aji, ina rarraba masu ita uku-uku da arba'in da uku, suna mamakin yadda na haddace ta. Baba ya rage zuwa gona, ƙanena ya karɓi noman, shi kuma ya koma zaɓen iri da zaman zaure. Duk zuwan da na yi, idan zancen Inna ya taso, sai ya maimaita maganarsa.

Wata kaka na je gida ɗaukar masarata, na wuce ta gaban masallaci bayan La'asar, na ga mutum wajen goma sun yi da'ira a inuwa, ga ƙoƙo a tsakiya, ga kwano. Matar wanzami ce ba lafiya. Na tsaya daga nesa ina kallon hannuwansu, kore, kore, na katako, kore. Da suka shafa wanzamin ya taso da murna ya ce ai tun daga na Inna ba wanda ya ƙara wahalar da kansa da tsarin mutum uku, ƙirgen Malam kowa ke yi, har ƙauyen gaba sun ɗauka. Ya ce Baba ne ma ke koya wa mutane, ɗari da sittin da shida da arba'in da ɗaya, ya haddace tsaf. Kai, ranar na ji haushi. Na kusa balbale su da faɗa, in ce mutum goma ba wanda ya iya duba abin da ke hannunsa? Sai na tuna wanda ya fara, na yi masa ya mai jiki na wuce.

Gyara masu ba wuya, kalma biyu ce: a ƙirga carbi. Amma duk wanda na gaya wa, kafin ya kai gida zai tuna zaman farko da wanda ya raba tsarabar, kuma maganar za ta isa kunnen Baba daga bakin wani. Wannan kam ban yarda ba.

Da safe na samu Baba a bayan gida a kan buzu, ya baza masara a gabansa yana ware ta iri, mai cikar ido gefe guda, mai ƙwari gefe guda. Na gaishe shi na tsuguna. Na faɗa masa tiryan-tiryan, ban yi kwana ba: carbin Kawu, mutum bakwai, ɗaya a kowane zagaye. Na ce laifina ne ni kaɗai, ba na waɗanda suka ja ba. Hannunsa bai daina juya masarar da yake riƙe da ita ba har na gama.

“Nawa ya rage?”

“Ban sani ba, Baba. Tsakanin sittin da ɗari.”

Ya ɗago ya dube ni. Ina jin bai taɓa jin na ce ban san wata lamba ba. Ya ajiye masarar, ba a ɓangaren iri ba, ba a ɗaya ɓangaren ba, a tsakiya.

“Yaushe ka gane?”

Na yi tunanin wannan tambayar tun a hanya, na kuma san in na ce bayan rasuwa ne ba wanda zai ƙaryata ni a duniya.

“Washegari. Ranar Asabar, da Azahar.”

Ya buɗe tafin hannunsa na hagu, ya sa babban yatsa yana taɓa sauran ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Lahadi, Litinin, Talata. Ya tsaya a na huɗu bai taɓa ba.

“Tana da rai,” ya ce.

Na ce tana da rai.

Bai yi mani faɗa ba. Da ya yi da na fi so. Ya ce in miƙo masa wancan buhun, na miƙa, ya ci gaba da aikinsa, ni kuma na tsuguna a wurin har ƙafafuna suka yi tsami, sannan na tashi. Da yamma shi da kansa ya je ya samu liman. Ban san yadda ya faɗa masa ba, amma ba wanda ya taɓa tarar ni da zancen, har Kawu. An sake yi wa matar wanzami da carbin dabino, mutum uku, ban shiga cikinsu ba kuma ba a neme ni ba. Har yau Baba Malam yake ce mani, in na zo ya tambayi iyali da makaranta, in zan tafi ya sa a ɗaura mani wake ko gyaɗa a bayan babur.

Da Sallar layya da ta biyo baya wata ƙanwarsa da ke aure a Bakori ta zo yini. Muna zaune a tsakar gida ana ta hira, zance ya gangaro kan Inna. Gwaggon ta yi ajiyar zuciya ta ce Allah sarki, ai Yaya kai kam ba ka da haufi, duk abin da ake yi wa mutum kun yi mata, har babban ja an yi. Ta dube shi tana jiran amsar da kowa a gidan ya haddace. Ina zuba mata ruwa a kofi lokacin, ban ɗago ba.

“Allah dai ya jiƙanta,” in ji Baba.

Aka ce amin. Ya nemi takalmansa ya fita zaure.